Ɗanyar agada ta ba ni kunya a gaban dangin miji, ina na kuskure?

Maman Walida, Gyallesu

Assalamu alaikum 'yan uwa, ya sanyi? Matsalar kicin ce ta kawo ni, kuma don Allah kada a yi mini dariya, wadda aka yi mini a gida ta ishe ni.

Ranar Asabar na shiga kasuwar Sabon Gari sayen kayan miya, na tarar an sauke agada daga motar Kudu, koriya shar, ko ɗigon rawaya babu a jikinta. Mai kayan ya ce in ba ta kwana biyar za ta nuna. Na ɗauki nono guda mai 'ya'ya tara, da niyyar in ta nuna a soya a ci da wake. To da daddare babbar 'yata ta kawo mini wayarta, wai in ga wata mata a ƙasar waje. Matar ta yanka ɗanyar agada, ta soya, ta kwashe, ta danne kowane yanki da wani ɗan katako ya baje kamar waina, ta sake mayarwa cikin mai, sannan ta riƙa dangwalawa a wata miya tana ci. Ƙarar da abin ke yi in ta gatsa, ƙurus, ita ta ja ni. Na ce a raina wannan ai ba wani aiki ba ne, ni da na shekara goma sha shida ina suyar doya da dankali.

Washegari ƙannen maigidan biyu za su zo daga Kaduna, sai na ce bari in burge su.

Tun daga ɓarewa aka fara rigima. Ɓawon ya manne kamar an liƙa shi, na ja da farce har farcen ya yi ciwo, ƙarshe sai ferewa na yi kamar doya, rabin naman ya bi ɓawo. Hannuna ya yi baƙi, wuƙa ta yi baƙi, wani danƙo ya ɗiga a zanina, kuma har yau wanki biyu bai fita ba. Na yanka da kauri, na ɗora mai ya yi zafi zau irin na ƙosai, na zuba. Cikin minti biyu suka yi ja, na ji daɗi na kwashe duka a kwalanda. Daidai nan aka kira la'asar, na je na yi salla, na ɗan tsaya gaisawa da baƙi. Da na dawo na ɗauki kofin silba na danna na farko, sai ya wargaje. Na biyu ma haka. Cikinsu fari fat, a bushe kamar alli. Ɗan abin da ya tsira na mayar cikin mai, ya fito da tauri kamar tsakuwa, ga wani bauri a ƙarshen harshe.

Miyar dangwalawa kuma na haɗa bama da tumatirin gwangwani, don abin da na gani a wayar ruwan hoda ne. Ta yi nauyi, ga ƙarnin ɗanyen tumatir.

Ƙaramin cikin ƙannen maigidan ya gatsa ɗaya, ya riƙe muƙamuƙi, ya ce, “Matar Yaya, yaushe kika fara sarin ƙuli-ƙulin Bida?” Maigidan bai ce komai ba, sai dai na ga ya jawo kwanon shinkafa kusa da shi.

Saura guda biyar a kwando, har yanzu korra ne. Wadda ta san kan abin nan ta taimaka: ina na ɓata? Kuma da me ake cin ta wanda bakinmu zai karɓa? Surukata ma tana da ciwon sukari, ana ta cewa ɗanyar agada magani ce, in na iya sai in riƙa yi mata.

Bakanuwa a Palladan

Wa alaikumus salam. Ikon Allah, Zagezagi ba ku ƙarewa. Allah ya halicci abu ya ce ku jira kwana biyar ya yi zaƙi, kun ce a'a sai kun ci shi da bauri. Ki sa su a buhun takarda ko kwali, ki jefa nunanniyar ayaba guda biyu a ciki, ki rufe, ki ajiye a lungun da ya fi ɗumi a kicin. Da sanyin nan za su ɗan ja lokaci, amma za su nuna tuɓus, ki soya abinki ki huta. Ƙanin mijin nan naki kuwa a gaishe shi, ya faɗi gaskiya.

Anti Mai Suya, Samaru

Ƙanwata kada ki biye wa Bakanuwa, su in ba zaƙi ba ba su san daɗi ba. Ni sana'ata ce, ɗalibai nake soya wa doya, dankali da agada da yamma, kuma in kaya suka zo ɗanyu ba na zaman jiran su nuna, kuɗina ne a kwance. Kurakuranki uku ne, na ukun shi ne babba.

Amma bari in fara da ɓarewa. Ɗanyar agada ba a ɓare ta kamar ayaba. Ki shafa ɗan mai a hannu da bakin wuƙa tukuna. Ki datse kai da gindi. Za ki ga jikinta yana da gefe-gefe, kamar layuka uku ko huɗu daga sama zuwa ƙasa. Ki bi kan layukan nan da tsinin wuƙa, iya kaurin ɓawo kawai, kada ki shiga nama. Sai ki cusa babban yatsa ko bayan cokali a tsagar, ki tura ta gefe, ba daga sama zuwa ƙasa ba. Zai ɓantare falle-falle. Da hunturun nan ɓawon kan bushe ya ƙara mannewa, to in kin tsaga ki tsoma su a ruwan ɗumi na minti biyar, za ki ga bambanci. Zaninki kuwa ki yi haƙuri, danƙon agada in ya bushe a tufa ya zauna ke nan. Ni ina da tsohuwar riga guda da na ware wa wannan aikin, in kin gan ta sai ki ce taswira ce.

Yanka: kaurin babban yatsanki, a kwance. Kina yankawa kina jefawa a ruwan gishiri, shi ke hana ta yin baƙi. Kafin ki zuba a mai ki tsane ta sosai da tsumma mai tsabta.

Kuskure na farko, zafin mai. Wutar ƙosai ba ta wannan suyar ba ce. Suyar farko ba suya ba ce a gaskiya, dafuwa ce a cikin mai. Wuta matsakaiciya, in kin jefa yanki ɗaya ki ga 'yan ƙananan kumfa suna tasowa a hankali a gefensa, ba ya yi cuuu ya fantsama ba. Ki bar su minti huɗu zuwa biyar, kina juyawa. Launin da kike nema rawaya mai haske, ba ja ba. Kada ki yarda da ido, ki soka tsinken sakace ko cokali mai yatsu: in ya shige salin-alin kamar a dafaffen dankali, ta yi. In kin ji garas, ki ƙara mata lokaci. Naki sun yi ja a waje cikinsu ɗanye, shi ya sa kika ga alli, kuma baurin da kika ji daga nan yake.

Na biyu, kin zuba duka a kasko lokaci guda, na tabbata, don duk mai baƙi haka take yi. Ki riƙa zuba takwas ko goma, su samu wurin juyi.

Na uku, kin bar ta ta huce. Ki tuna tuwon shinkafa: da zafinsa kina mulmula shi yadda kike so, in ya kwana kika danna sai ya tsattsage. Haka ɗanyar agada take. Daga kwashewa zuwa dannewa kada ya wuce minti ɗaya ko biyu, iya yadda za ki iya taɓawa. In lokacin salla ya matso kada ma ki ɗora, ki idar tukuna. Ki shimfiɗa leda mai kauri a kan katakon yanka, ki ɗan shafa mata mai, ki ɗora yanki guda a tsaye, ki ninko ledar a kansa, ki danna da gindin kofi ko ƙaramin faranti. Dannawa ɗaya, a hankali, har ya kai kamar rabin kaurin ƙaramin yatsa. Bakinsa zai ɗan tsattsage, wannan ba laifi, wurin ne ma ya fi yin rumus. In ya manne ki ɗaga da wuƙa.

Bayan kin danne kina iya ajiye su awa biyu, uku, ba abin da zai same su. Nan ne wurin hutun, ba kafin dannewa ba. Ni da rana nake yin wannan, in yamma ta yi sai suya ta biyu kawai.

Suya ta biyu ita ce mai son wutar ƙosai. Wasu kan tsoma kowanne a ruwan gishiri da dakakkiyar tafarnuwa, tsomawa ɗaya a cire. Yana ƙara ɗanɗano kuma yana sa ta fi yin ƙurus, amma ki tsane ruwan da kyau, in ba haka ba mai zai yi miki zane a hannu. Minti ɗaya zuwa biyu kowane gefe, ta yi ruwan zuma, ki kwashe, ki barbaɗa gishiri nan take tun man bai bushe ba. Kada ki rufe ta a kula. Tururi ne zai mayar da ita kamar roba. A ci da zafi.

In man ƙuli na gida kike amfani da shi, ki fara soya shi da albasa ya daina kumfa. Manja ban ba ki shawara ba, hayaƙinsa ya yi yawa a suya ta biyu.

Malamin Kongo

Ku yi haƙuri da namiji a zauren mata, madam ce ta miƙo mini wayar wai in ga an taɓo abin da nake cika ta da surutunsa.

Hajiya Maman Walida, abin da kika gani sunansa tostones a Kuba, Fwato Riko da Jamhuriyar Dominika. A Kolambiya patacones suke cewa, a Haiti kuma bannann peze, wato agadar da aka danne. Ɗan katakon nan mai kama da littafi tostonera ake kiransa, kuma gindin kofi yana yin aikinsa daidai. Miyar ruwan hodar da kika kwaikwaya ta mutanen Fwato Riko ce, bama ce da kecaf da ɗan tafarnuwa. Kecaf dafaffe ne, akwai sukari da ruwan khal a cikinsa, shi ya sa tumatirin gwangwani bai maye gurbinsa ba. Amma ba ita kaɗai suke ci da shi ba. 'Yan Kolambiya suna soya tumatir da albasa, su kira shi hogao, wanda in kin cire sunan jajjagenmu ne da ba a sa masa attarugu ba. 'Yan Kuba tafarnuwa suke dakawa da mai da ruwan lemo mai tsami. 'Yan Haiti kuwa kabeji da karas da barkono ɗan uwan attarugunmu suke jiƙawa a ruwan khal, su kira shi pikliz. In kin lura yawancinsu tsami suke nema ko yaji, domin ita ɗanyar agada ba ta da wani ɗanɗano nata mai ƙarfi, ga ta a bushe, ga mai. Duk abin da zai yanke maiƙon shi ne abokinta.

Bayanin Anti na tuwo daidai yake da na littafi. Ɗanyar agada sitaci ce kusan zalla. Tana nuna sitacin yana juyewa sukari, shi ya sa nunanniya ke saurin yin baƙi a mai kuma ba ta dannuwa, sai dai ta cakuɗe. Mai ma'aunin zafi, suyar farko wajen digiri 160, ta biyu 180 zuwa 190. Dabarar Bakanuwa ma gaskiya ce, nunanniyar ayaba na fitar da wata iska mai suna etilin, ita ke hanzarta nunar na kusa da ita. Don haka ke da kike son naki su zauna korra, ki raba su da ayaba da tumatir, ki bar su a sarari inda iska ke bugawa. Kada ki sa a firji, sanyi na baƙanta ɓawon ya lalata nunar gaba ɗaya. Wani alherin sayen ɗanya shi ne kin tsira daga kabayid ɗin da wasu 'yan kasuwa ke nuna 'ya'yan itace da shi, wanda hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa.

Maganar Mama kuwa, a bi a hankali. Gaskiya ne ɗanya ba ta kai nunanniya sukari ba, shi ya sa a Kudu masu ciwon kan tuƙa tuwon garinta. Amma sitaci in ya shiga ciki sukari yake komawa, kuma wannan an soya ta sau biyu. Abinci ce, ba magani ba. In za ki yi mata, dafawa ko gasawa ya fi, ɗan daidai, kuma ta tambayi likitan da ke duba ta. Kada a ajiye ƙwayoyi saboda agada.

Hajiya Babba, cikin Birni

'Yata Maman Walida, jikata ce ke rubuta mini. Ni ban san su Kuba ba, amma tun muna zuwa Sabon Gari wajen matan Yarabawa sayen atamfa nake ganin suna yanka ɗanyar sirara-sirara su soya, ipekere suke ce mata. Mu kuma da muka kawo gida da yaji muka ci, ba mu mutu ba.

Ki bar bamar nan. Me ya fi ƙuli? Ki daka ƙuli-ƙuli ya yi laushi kamar za ki yi kwaɗon zogale, ki sa citta, barkono, 'yar kanumfari guda biyu, gishiri da dunƙule ɗaya. Ki dama da ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan, ki zuba man ƙuli cokali biyu, ki matse lemun tsami rabi. Kada ya yi ruwa, ya kama abin da aka tsoma, kada kuma ya yi kaurin da zai karya shi. Ki yanka albasa ƙanana a kai.

In kina son mai tsami sosai, ki jiƙa tsamiya a ruwan zafi, ki murje ki tace, ba mai ruwa irin ta kunu ba, mai kauri. Ki jajjaga attarugu biyu da albasa da tafarnuwa a turmi, a turmi na ce, injin nan naku yana mayar da komai ruwa. Ki soya a ɗan mai har ƙamshi ya tashi, ki juye tsamiyar, ki ɓantari mazarƙwaila kamar girman goro ki jefa. Ta wajen Maƙarfi in kin samu, mai duhun nan. Ki bar ta a ƙaramar wuta tana ɓararraka har ta kama bayan cokali. Tana kwana uku ba ta komai, kuma da soyayyen kifi ma ana ci.

Shi kuma yaron da ya ce ƙuli-ƙulin Bida, ki aje masa nasa kason, kada ki yi fushi. Ƙanin miji in bai tsokane ki ba ai ba ya ƙaunarki.

Maman Walida, Gyallesu

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Anti, tambaya ɗaya: biyu daga ciki sun fara ɗan haske a wajen kai, kamar za su juya. Su ma za su yi?

Anti Mai Suya, Samaru

Ki matsa da yatsa. In har da tauri kamar ɗanyen dankali, za su yi, sai dai za su ɗan fi saurin yin ja, ki rage wuta. In sun fara lotsawa ki ba Bakanuwa kayanta.

Maman Walida, Gyallesu

To jama'a na dawo da rahoto.

Jiya bayan na idar da la'asar, na ce bayan, na ɗaura tsohon zani na zauna. Uku na ɗauka, masu koren sosai. Dabarar tura ɓawo ta gefe ta yi aiki, na farkon ne kawai ya ɗan ba ni wahala, na uku kuwa falle uku ya fita kamar ana cire riga. Yanka ashirin da ɗaya na samu. Na raba su kashi uku.

Abin da ya fi wuya shi ne haƙurin suyar farko. Ina tsaye ina kallon mai yana 'yan kumfa kamar ba ya komai, hannuna na ta kai wa kan makunnin gas ina janyewa. A minti huɗu na soka tsinke na ji ɗan garas a tsakiya, na ƙara minti ɗaya da rabi. Ina jin nawa sun fi na Anti kauri, ko kuma yatsana ne babba. Na sa yarinyar a gefena da leda da kofin silbar nan dai da ya ba ni kunya, ina kwashewa tana dannawa. Na farko ya baje lumui, bakinsa ya yi tsaga-tsaga kamar fure, ta yi ihu sai da babanta ya leƙo. Biyu ne suka fashe a cikin ashirin da ɗayan, kuma su ne na ƙarshe a kashi na biyu, waɗanda suka jira ana neman wata leda don ta farkon ta huje.

Ruwan tafarnuwa na gwada a rabi, na bar rabi haka. Masu tafarnuwar sun fi daɗi nesa ba kusa ba, amma ga ɗigon ƙuna biyu a bayan hannuna, ban tsane ɗaya da kyau ba. Anti kin faɗa.

Miya na yi biyu, ta ƙuli da ta tsamiya. Ban samu mazarƙwaila ba a unguwa, na sa zuma cokali ɗaya bayan na sauke. Yara sun fi son ta ƙuli, har da lashe kwano. Ni da maigidan ta tsamiya ce ta tafi da mu, don ta ƙulin in ka ci huɗu sai ka nemi ruwa, mai kan mai ne. Gaba zan ƙara mata lemun tsami. Attarugu biyu ya yi mana yawa, Hajiya ku mutanen da bakinku daban ne, ɗaya zan sa.

Na ware guda biyar na rufe da faranti don maƙwabciyata, kafin ta dawo daga islamiyya sun yi laushi sun koma roba. Na mayar a mai minti ɗaya, sun ɗan farfaɗo amma ba kamar da ba.

Mama na gasa mata rabin ɗaya a kan gawayi kamar yadda Malam ya ce, ta ci da miyar ƙulin, ta ce ba laifi amma ita doya ta sani.

Saura ɗaya da rabi, sun yi rawaya yau da safe. Bakanuwa ki turo a karɓa miki. Ƙanin maigidan kuma na tura masa hoto, ya ce hoto ba ya nuna tauri, sai ya zo ranar Juma'a ya gatsa da haƙorinsa. Asabar ce ranar kasuwata, yanzu dole in shiga Sabon Gari tun Alhamis.